Zuwa ga Sarkin Giris na Zazzau

Ranka ya daɗe Sarkin Giris na Zazzau, Injiniyan Gindin Mangwaro, mai digiri biyu da gwangwanin maiƙo ɗaya. Ina gajiya? Yaya Hajiya da yara? Yaya kuma baiwar Allah Honda, wadda ta yi maka bauta shekara da shekaru ba ta taɓa kai ƙararka ba, ka tashi ka saka mata da abin da ko maƙiyi zai ji nauyin yi? Kada ka ɓata bakinka wajen tambayar wa ya faɗa mini. Abin kunyar Bazazzagi ba ya kwana a hanya. Kafin ka gama wanke hannu ya wuce Kwanar Ɗangora, ya haye gadar Tamburawa, ya iske mu a majalisa.

Ga yadda aka kawo mana shi, in da ƙari ka gyara. Wai birkin motarka ya fara ƙara, ka ce ba za ka kai wa bakanike ba, su kanikawa aikin hannu kawai suka iya, ba su da karatun abin. Ka kwana kana kallon YouTube har data ta ƙare, gari ya waye ka sayo sabon fad, ka sa jak, ka kwance taya, ka ciro tsohon. Har zuwa nan, tsakani da Allah, na sara maka. Akwai masu mota a Kano da ba su san inda jak ɗinsu yake ba. Daga nan ne Shaiɗan ya yi maka raɗa. Ka jawo gwangwanin baƙin giris ɗin nan da ake cusa wa boris, ka naɗe hannun riga, ka shiga shafa kamar ungozoma ta samu jariri da man kaɗanya: baya, gefe, kunne, fil, kowane lungu. Sannan ka juya fad ɗin ka laɓta wa fuskarsa, wai don ya kama da laushi. Aka ce da ya yi saura a yatsa, ka goge shi a jikin faifan birki, kada a yi asara. Kai da kake zagin Kanawa da maƙo!

Allah ya saka wa Hajiya da alheri da ta ɓoye makullin motar ta bugo waya. Da yanzu wata irin takarda nake rubutawa, ba wannan ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, a Zariya aka yi wannan. Garin da Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa sukutum, duk kun zauna a kansu. Ilimi ya yi muku yawa har yana zuba ta gefe, amma aka rasa mutum ɗaya a layinku da zai riƙe maka hannu. To, ban ga laifinku sosai ba. Mutanen da ba sa raba "ya zo" da "ta zo", ina za su raba gaban fad da bayansa?

Gyara zama in biya maka karatu. Na san za ka ce Bakano bai taɓa ba da komai kyauta ba. Gaskiyarka, lissafi yana tafe.

Kusan komai a cikin mota santsi yake nema: inji, giya, boris, duk sai da mai. Birki kuwa da rashin santsi yake cin abinci. Ka taka, man birki ya tura fistan, fistan ya matse fad a jikin faifan da ke juyawa tare da taya, gogayyar nan ta mayar da gudun mota zafi. Ba ƙaramin zafi ba kuwa. Mota mai nauyin kilo 1,500 tana gudun kilomita 100 a awa, ka tsayar da ita cak, zafin da zai fito ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita ɗaya da rabi, cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma tayoyin gaba ne ke shan mafi yawansa. Ka ninka gudun, zafin ya ninka sau huɗu. Tunda kai mutumin lamba ne, duba gefen fad ɗin da ka saya, wataƙila ka ga haruffa biyu irin FF ko GG. Ma'aunin kamunsa ke nan, harafin farko kafin ya yi zafi sosai, na biyu bayan ya gasu. F na nufin tsakanin 0.35 da 0.45. Ƙarfen da aka shafa wa mai kuwa kamunsa wajen 0.1 ne. Wato da hannunka, da kuɗinka, ka zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na birkinka, ka miƙe kana karkaɗe wando wai ka yi gyara.

Kada kuma ka ce za ka goge da tsumma. Naman fad garin ƙarfe ne da zare-zare da ƙaro aka cakuɗa, aka matse, aka gasa. Yana da ƙananan ƙofofi, yana shan mai. Ka goge sama ya yi fes, ranar da ya ɗau zafi abin da ya sha ya tsattsafo. Na san shawarar da za a ba ka a bakin titi: a wanke da fetur, a ƙyasta ashana a ƙone, a bi da samfefa. Wutar da za ta cinye man ita za ta lalata ƙaron da ya riƙe fad ɗin, wata rana naman ya ɓantare daga ƙarfensa kana tsakiyar hanya. Fad ɗin da ya sha giris ya gama aiki, ko da bai taɓa ganin kwalta ba. A jefar, a sayo wani, kuma na tayoyin biyu tare, hagu da dama, don in ɗaya ya fi ɗaya kamu mota za ta riƙa fizga gefe. Faifai shi ƙarfe ne zalla, ba ya sha. A wanke shi da feshin wanke birki, a yi ta gogewa da tsumma mai tsabta har tsumman ya daina baƙi. Sabon faifai ma haka ake yi masa, don yawanci da ɗan mai a jikinsa yake zuwa saboda tsatsa.

Yanzu na san abin da zai biyo baya. Ƙanin Hajiya, wanda tun ranar yake yi maka dariya har da riƙe ciki, zai ce ai shi dama ya faɗa, birki da giris ba sa haɗa hanya, a ɗaura komai a bushe. Gaya masa in ji ni, shi ma Bazazzagi ne, kuskurensa dai ya fi naka arha.

Irin kalifar da ke motarka, wato ƙarfen da ke rungume da fad biyun, da ta yawancin motocin da ke yawo a titunanmu, ta gefe ɗaya kawai take da fistan, ta ciki. Fistan ya tura fad na ciki, ita kuma kalifar gaba ɗayanta ta zame a kan fil guda biyu ta jawo na waje. In fil ɗin nan suka bushe suka cije, fad na ciki ya yi ta aiki shi kaɗai har ya ƙare, na waje yana nan da kaurinsa. Ko kuma birki ya kama ya ƙi saki sosai, taya ta yi zafi, fetur ya yi ta tafiya, kai kuma kana can kana tsine wa gidan mai. Duk bakaniken da ya ciro maka fad biyu, ɗaya ya cinye ƙurmus ɗaya kamar ba a taɓa shi ba, ya ce wai haka ƙirar motar take, ka ce ya zaro fil ya nuna maka. Nan kam giris wajibi ne, ba mustahabbi ba.

Sai dai ba naka ba. Kowane fil yana da 'yar rigar roba mai lanƙwasa da ke hana ruwa da ƙura shiga, wani ma har da zoben roba a bakinsa. Robar birki, wadda ake kira EPDM, an yi ta ne ta zauna lafiya da man birki irin DOT 3 da DOT 4, shi kuwa man birki ba dangin man inji ba ne. In ta haɗu da giris ɗin boris, wanda shi da baƙin mai uwarsu ɗaya, sai ta sha, ta kumbura, ta yi laushi. Robar da ta kumbura ta shaƙe fil, sai fil ɗin da ka shafa don ya zame ya zama shi ne farkon cijewa. Ba yau ba, ba gobe ba, sai bayan 'yan watanni, ka manta da abin da ka aikata, ka fara cewa hannu aka sa wa motar. Ga kuma zafi. Giris na gama-gari kafin digiri 200 ya narke ya fara gudu, faifai kuwa a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, da kaya cike da but, yana iya haura 400. In ya narke ina zai nufa? Inda ba a gayyace shi ba.

Abin da fil ke so shi ne giris na silikon, ko wanda aka rubuta ƙarara a jikinsa cewa na kalifa ne kuma ba ya cin roba. Littafin gyaran Honda silikon ya ce a sa, Toyota kuma tana da nata na musamman mai gilaikol. A zaro fil, a goge tsohon tas, a duba robar ko ta yage, a shafa siriri, a mayar. Siriri na ce, Sarki. In ka ɗura wa ramin har ya cika, iska ta rasa hanyar fita, fil ya ƙi shiga har ƙarshe, ka koma gidan jiya.

Saura bayan fad, inda malamanka na cikin waya suka rabu gida biyu, kai kuma ka bi su duka don kada ka ɓata wa kowa. Ƙarar birki ba rashin mai ba ce, karkarwa ce. Fad yana rawa tsakanin fistan da faifai sau dubbai a daƙiƙa, kunne ya ji shi tsuwa. Shi ya sa ake sa wasu siraran faranti a bayansa, shim, su shanye karkarwar. Wasu kamfanoni sun ce a ɗan shafa wani abu tsakanin shim da ƙarfen fad, Honda ma sunan nata ta kama, Molykote M-77. Amma fad da yawa na yanzu da shim ɗinsu a manne suke zuwa, an lulluɓe shi da roba, wasu har da gam a baya, a ɓare takarda a liƙa. Ka shafa wa mai gam giris, ka kashe gam ɗin. Ka shafa wa mai roba baƙin giris, ka riga ka ji labarin. Amsar wanne ne naka tana cikin 'yar takardar da ta zo a kwalin fad, wadda na rantse da ita ka goge hannu.

Tsofaffin kanikawa, waɗanda suka koyi aiki a kan Fijo 504 tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, su giris mai ruwan jan ƙarfe suka sani, kuma ba su yi ƙarya ba, yana jure zafi, ya yi zamaninsa. Amma shi ma yawanci da dangin baƙin mai aka kwaɓa shi, bai dace da fil da roba ba. Sannan jan ƙarfe da alminiyam in ruwa ya shiga tsakaninsu cin juna suke yi, ga shi kalifa da dama yanzu ta alminiyam ce. Shi ya sa masu ƙera kayan birki da yawa suka koma cewa a nemi wanda babu ƙarfe a cikinsa, irin na seramik. In har fad ɗinka mai son shafa ne a baya, to inda fistan ke taɓawa da inda yatsun kalifa ke dafawa, ɗan abin da zai sauya wa ƙarfe launi kawai. Gwargwadon ƙwayar wake ta ishi fad ɗaya har ta yi saura.

Kunnuwan fad, wato 'yan ƙahonnin nan biyu da ke zama cikin maƙalin ƙarfe suna zamewa, nan ne nake da ra'ayi, ra'ayin Bakano kuwa fatawa ce a Zariya. Mutanen da kake kallo a waya, da yawansu a ƙasashen da ake zuba wa titi gishiri saboda ƙanƙara suke. Abokin gabarsu tsatsa, shi ya sa suke shafawa. Mu namu abokin gabar ƙura ce. Kunnen fad a buɗe yake, ba shi da rigar roba irin ta fil. Ka laɓta masa maiƙo a watan Disamba, ka bi hanyar ƙauye zuwa ɗaurin aure, ƙurar hunturu da garin fad su haɗu da shi su zama kwaɓaɓɓen yashi, ya daskare ya riƙe kunnen da ka so ya sake. Ni a ganina, a nan wankewa ta fi shafawa. A ciro 'yan kilif ɗin da kunnuwan ke zama a kansu, a kankare tsatsa da dattin da ke ƙarƙashinsu da burushin ƙarfe har ƙarfe ya fito, a sa sababbi in sun zo a kwali. Fad ya shiga da turin yatsa, ya zame gaba da baya ba tare da girgiɗi ba. In sai da guduma zai shiga, ba giris yake nema ba: ko dai datti ne a ƙasa, ko kuma na wata motar aka sayar maka ka karɓa kana godiya. Bayan haka in ka ga dama ka shafa na birki ɗan ƙiris ka share. In ka bar shi a bushe ma ban ce ka yi zunubi ba.

Wai ma, Injiniya, ka tsaya ka tambayi abin da ya sa tsohon yake ƙara? Akwai ɗan harshen ƙarfe da ake maƙala wa fad da gangan. In naman ya cinye ya rage kamar milimita 2 ko 3, daga 10 ko 12 da yake da shi yana sabo, harshen ya fara taɓa faifai ya yi ta tsuwa. Motar cewa take yi a canza mata fad. Ka canza, magana ta ƙare, ba wanda ya aike ka wajen gwangwani. Akwai ƙarar safiyar damina, laima ta sa faifai ya yi 'yar tsatsa, taka biyu uku ta tafi. Akwai ta faifan da ya yi kwari ya tada baki, wanda ko fad na zinare ka sa masa sai ya yi waƙa. Akwai kuma ta fad ɗin da aka saya don arha, kwali tsaf, ciki Allah masani. A nan ne ya kamata ka ajiye girman kai ka bi ni Ƙofar Ruwa, ka tsaya a bayana ka yi shiru. Ni zan yi ciniki. Kai da ka buɗe baki da turancin Samaru farashi ya tashi, ko ni ne mai shagon.

Tunda za a sake kwance aikin, ga abin da aka faɗa a bidiyon lokacin da kake gyangyaɗi. Ba a barin kalifa tana lilo a jikin tiyon man birki, ɗaure ta ake yi da waya. Kafin a mayar da fistan ciki a leƙa kofin man birki, don man zai taso, in ya cika ya zuba, kuma yana cin fenti. Ƙurar birki ba a hura ta da baki, don akwai fad, musamman tsofaffi da na arha, masu asbestos a ciki, shi kuwa huhu yake lalatawa. Notin taya a bushe ake ɗaure shi, saboda ƙarfin ɗaurin da kamfani ya ƙayyade na busasshen noti ne. Ka shafa mai, ka ɗaure fiye da kima ba ka sani ba. Na faɗi wannan ne don na san hannunka, in ya ga ƙarfe ƙaiƙayi yake yi.

Babbar kuwa ita ce wannan, ka sa Hajiya ta rubuta maka a tafin hannu: kafin motar ta motsa, ka yi ta taka birki har ya yi tauri. Fistan da aka tura ciki sai ya dawo ya sami fad. Takun farko ƙasa yake tafiya, babu komai a cikinsa, kuma ba mutum ɗaya ba ne ya gano haka a jikin get ɗin gidansa. Sannan sabon fad ba ya kamu sosai sai ya saba da faifai. Nemi hanya marar cunkoso, ka kai kamar 50 ko 60, ka rage da taku matsakaici har ka kusa tsayawa, ka sake tashi, wajen sau goma, sannan ka ci gaba da tafiya ya huce. Kilomita 200 zuwa 300 na farko a lallaɓa shi. Don Allah ba a Kwangila da yamma za ka yi wannan gwajin ba, bayin Allah 'yan acaɓa ba su yi maka komai ba.

To, ga lissafi. Sabon fad saiti ɗaya, kuɗinka. Robobin fil guda huɗu, tunda waɗancan sun ƙoshi da baƙin giris, kuɗinka. Feshin wanke birki da ɗan bututun silikon, kuɗinka. Ladan karatu, damin rake ɗaya na Maƙarfi, mai kauri, ba irin wanda ka kawo bara ba da ko akuya ta raina. A haɗa da kuɗin sharar da ka danne mini, kafin watan cika-ciki ya sake zagayowa ya zama ninki. Gwangwanin kada ka jefar, ba laifinsa ba ne. Ƙyauren garejinka yana kuka tun ina saurayi, shi ya kamata ka yi wa hidima.

Motar kuma kada ka tuƙo ta. A bar ta inda take, zan turo yaro daga Kano ya gyara, kai ka riƙe masa fitila. In kuwa ka matsa sai ka zo ka rama da bakinka, bismilla, tuwo yana jiranka. Ka hau ta haya, ka zauna can baya nesa da direba, kada ka ba shi shawara.